Yadda Malam Ma'u Ya Kamu da Ciwon Suga

Duk wanda ke bi ta bakin kasuwar Tambuwal ya san Malam Armaya'u, ko da bai san sunansa na yanka ba. Ma'u muke ce masa. Shi ne dogon nan siriri mai tabarau ɗaure da zare, wanda in ya tsaya gaishe ka sai ya ja da baya, ya haɗa yatsunsa su yi kamar taga, ya leƙo ka ta ciki, wai yana duba yadda za ka fito a hoto. Shekararsa hamsin da uku. Ashirin da takwas daga ciki ya yi su yana koyar da Hausa a firamare, amma har gobe in ka tambaye shi sana'arsa zai ce maka koyarwa riƙon ƙwarya ce, shi mutumin fim ne.

A Jabo aka haife shi, gidan manoma gero da dawa, kuma babu wanda ya taɓa yin wannan lalura a zuri'arsu. A kwalejin horon malamai ta kama shi. An yi wasan kwaikwayo a ƙarshen shekara, aka ba shi masinjan kotu. Maganarsa a wasan gaba ɗaya kalma ɗaya ce, ya daka tsawa ya ce "Kotu!" idan alƙali ya shigo. Shi dai ya ce da ya faɗe ta sai da ɗakin ya ɗauki tafi. Na taɓa tambayar wani da yake wurin, ya ce tabbas an yi tafi, domin Ma'u ya daka tsawar tun alƙali yana bayan labule yana neman hularsa.

Tun daga ranar yake da ƙorafi ɗaya a kan finafinai. Ya ce da zarar namiji ya haura arba'in, to a fim ko dai ya zama uban yarinya mai zare ido, ko Alhaji mai tumbi, ko kuma a kashe shi a minti biyar na farko don a sami gadon da za a yi rigima a kai. Wai mu masu furfura ba mu da labarin kanmu ke nan? Wannan tambaya mun sha ta a kan tabarma fiye da yadda muka sha ruwa.

Tabarmar ita ce asalin maganar. Ni sunana Abdu, malamin asibiti ne, maƙwabcinsa. Ana ce mini Likita, ko da yake iyakata allura da wanke ciwo da tsira wa mutane tsinke a yatsa. Shekara ashirin da shida muna ciyayya a ƙofar gidan Ma'u. Da an sallame magariba kowane gida zai fito da kwanonsa, mu haɗa mu ci tare. Mu uku ne, kuma ban taɓa yaudarar kaina ba, ni ne na ukun. Na biyun shi ne Ɗangiwa.

Sunansa Siddiƙ, malamin gona ne, tare suka yi firamare da Ma'u a Jabo. Laƙabin kuwa ba a zalunce shi ba. Mutum ne cika ƙofa, kuma cinsa ya kai jikinsa. A wurin biki mutane kan bar nasu kwanon su zo kallonsa. Daga Dogon Daji har Jabo ana ba da labarin ranar da ya tashi da malmala tara, ya kuma tambaya ko akwai ƙanzo. Ma'u kuwa cin tsuntsu gare shi, loma biyar ya janye hannu. Daga nan sai ya jingina da bango yana kallon Ɗangiwa yana share tuwon Ni'imatu, uwargidan Ma'u, yana zaginsa da rumbu marar gindi, shi kuma yana ce masa sandar rake. A shekara ashirin da shida ban taɓa jin ɗayansu ya faɗa wa ɗaya kalma mai daɗi ba, kuma ban taɓa ganin aminai irinsu ba.

Da aka mayar da Ɗangiwa aiki Kebbe, mun ɗauka shi ke nan. Ashe ba haka ba. Kowace Juma'a da la'asar zai hau babur ya biyo wannan hanyar mai karya ƙugu, ya iso da jar ƙasa har cikin kunne, kafin ya shiga gidansa sai ya zauna a tabarma. Shekara uku yana haka. Sai bara waccan bayan kaka, ya daina.

Ni na san dalili, kuma ni kaɗai na sani. Wata rana da tsakar rana, lokacin da ya tabbatar babu kowa a layi, ya shigo mini yana riƙe da tazugen wandonsa da ya yi masa yawa. Ya ce ƙishirwa ba ta barinsa, fitsari kuma ya hana shi sakat. Na tsira masa tsinke, na sa jinin a na'ura. Lambar da ta fito sai da na sake gwadawa. Na aika shi wurin babban likita, aka tabbatar suga ne, aka ɗora shi a kan magani, aka kuma yanke masa tuwo da fura sai ɗan abin da ba a rasa ba. Da ya dawo ya rufe ƙofar ofishina da kansa.

"Likita, amana na ba ka. In maganar ga ta kai kunnen Ma'u, ni da kai sai gaban Allah."

Na yi ta ba shi baki cewa ciwo ba abin kunya ba ne, rabin masu furfurar garin nan suna da shi. Bai ko saurare ni ba. Mutumin da duk sunansa a ƙasar nan ci ne, ka ce masa ya fito ya sanar cewa an auna masa abinci da ludayi? Na rantse masa, don ba ni da yadda zan yi.

Daga nan sai ya zama ranar Juma'a ya wuce mu a kan babur, ya ɗaga hannu, ya ce ya riga ya ci a Kebbe. To a wurinmu in mutum ya daina cin abincin gidanka, ɗayan biyu ne. Ko yana riƙe da kai a zuci, ko yana zargin ana sa masa wani abu a ciki. Ma'u ya san wannan sarai. Wata takwas yana sa Ni'imatu ta ƙara malmala huɗu a kwanon ranar Juma'a, wata takwas suna komawa ciki ba a taɓa ba. Ya daina zancen fim, ya daina zagin kowa. Na ji tausayinsa ƙwarai, na kuma ji haushin su duka biyun. Abin da zai raba gardama tambaya ɗaya ce, amma namiji mai gemu ba ya tsayar da ɗan'uwansa ya ce me ya sa ka guje ni. Maimakon haka sai Ma'u ya sayi littafin rubutu mai shafi tamanin, ya rubuta fim.

Da ya gama ya karanta mini shi. Babu mace, babu waƙa, babu mota, babu mugu. Aminai biyu ne, Isah da Maccido, suna cin tuwo. Maccido ya sami ƙarin girma ya tafi wani gari ya manta da Isah. Isah ya bi shi can. Suka yi magana biyu, suka ci tuwo. Ƙarshe ke nan. Na tambaye shi wa zai kalli wannan. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce jahilcina ne, a ƙasashen waje irinsa ake yayi, mutum ya yi fim ɗinsa da wayarsa ba tare da wani kamfani ba, kuma gwargwadon yadda babu abin da ke faruwa a ciki, gwargwadon yadda ake ba shi kyauta. Shi ne darakta, shi ne Isah. Ban tambayi wa zai fito a Maccido ba.

Da Ma'u ya aika masa cewa shi ne Maccido, Ɗangiwa ya ce aiki ya yi masa yawa, ba ya samun zuwa gida a wannan makon. Ma'u ya ce ai dama a Kebbe labarin ya ƙare, fim zai je ya same shi.

Ranar Asabar da sassafe muka kama hanya a kan babur ɗin Ma'u, yana tuƙi, ni ina baya rungume da manyan kuloli biyu, ɗaya tuwon dawa ɗaya miyar kuka da man shanu, ga gorar fura rataye a wuyana. Duk ramin da muka faɗa sai na ji miya ta taɓa murfi. Na yi ta addu'a ta zube gaba ɗaya, amma Ni'imatu ta iya ɗaure kula.

Muka sami Ɗangiwa a ƙofar ɗakin da yake haya. Ya rame sosai, amma Ma'u bai gani ba, ko kuma ya ɗauka ramar girman kai ce. Ya miƙa masa littafin ya nuna masa wurinsa. Ina kallon fuskar Ɗangiwa yana karantawa. Abin da aka rubuta masa shi ne ya amsa da bakinsa cewa muƙami ne ya ruɗe shi ya wulaƙanta amininsa, sannan ya cinye malmala guda tas, domin a cewar darakta dole mai kallo ya ga sulhun ya kai ciki. Ya daɗe yana kallon takardar. Daga baya ya ce to, a shimfiɗa tabarma. Ashe a ce masa mai girman kai ya fi masa sauƙi a kan a ce masa marar lafiya.

Da yake wayar Ma'u ba ta gani da duhu, dole a ci tuwon dare da hantsi. Don kada mai kallo ya rikice, darakta ya ƙara wa kansa magana a farko, ya dubi sama ya ce ga shi har an yi magariba, alhali rana na dukan tsakiyar kansa. Ni aka ba wa wayar, wai mai yin allura hannunsa ba ya rawa. Ya nuna mini jan ɗigo, ya ce in ya ce ɗauka in danna sau ɗaya, in ya ce yanke in sake dannawa. A nan ya kamata in faɗi nawa laifin. Shekara biyu ke nan ba na ganin ƙananan abubuwa sai da tabarau, kuma ba na sa shi a gaban mutane, don kada a ce Likita ya tsufa. A gida na baro shi. Ga hasken rana a kan gilashin wayar. Da ya ce ɗauka na danna, ban ga alamar komai ba, sai na ƙara dannawa don in tabbatar.

Suka zauna. Ma'u ya sanar da magariba, ya buɗe kwano, sannan ya dubi Ɗangiwa.

"Maccido, mi niy yi maka?"

Muryarsa ta yi rawa, kuma na san ba iya wasa ba ne, domin na san iyakar iyawarsa. Ɗangiwa ya sunkuyar da kai.

"Girman kai ya ɗebe ni, Isah. Ka yafe man."

Ya sa hannu a tuwo. Bai kai rabi ba injin niƙan da ke bayan gidan ya tashi da ƙara. Ma'u ya ce yanke, ya tafi roƙon mai injin. Ya dawo ya ce a sake daga farko, kuma da sabuwar malmala, don fim ba ya karɓar ragowa. Ɗangiwa ya ce a bari ya ƙarasa wannan tukuna, ba a barin tuwon Ni'imatu. A karo na biyu akuya ce ta ratsa tabarma. A na uku mai injin ya ga matan da ke layi sun fi fim yawa, ya sake tayarwa. Ma'u ya sake tafiya, wannan karon da doguwar lacca a kan muhimmancin fasaha. Na sauke wayar ƙasa na matsa kusa da Ɗangiwa, na ce masa kashe kansa zai yi, malmala ta huɗu ke nan zai shiga.

"Fuɗu ɗin mi? Na sha maganin biyu da safe," in ji shi.

Na ce masa ba haka ake yi ba, kuma shi ma ya sani. Na ce don Allah ya faɗa wa Ma'u gaskiya a huta, suga ne ba sata ba.

"In ce mishi mi? In ce Ɗangiwa ba ya iya cin tuwo? To mi yar rage?" Ya share gumi da hularsa. "Ka ga fuskatai da na kai lomar farko? Wata takwas ban ga haƙoran Ma'u ba. Shi ba ya cin abin kirki, Likita. Shekara ashirin da shidda, ni ka ci, shi ka ƙoshi. Bar ni in ci."

 Ma'u ya dawo da nasara, aka sake. A karo na huɗu komai ya tafi daidai, aka rufe da fura, don darakta ya ce sulhu ba ya cika sai da ita. Ma'u ya karɓi wayarsa yana washe baki, ya kira Ɗangiwa rumbu marar gindi a karon farko cikin wata takwas. Ni kuwa na ce hanya ta taɓa mini baya, ba zan iya komawa a ranar ba. Ƙurar babur ɗin Ma'u ba ta kwanta ba Ɗangiwa ya ce idonsa na gani dishi-dishi. Na kai shi asibiti aka sa masa ruwa. Kwana biyu ya yi a kwance, ina zaune a gefensa ina zagin fasaha.

Ranar Talata bayan la'asar Ma'u ya kira ni zaurensa. Ya ce in zauna in ga aikina. Ashe dannawa biyun nan da na yi a farko, ta farko ta kunna, ta biyu ta kashe. Daga nan komai ya juye. Duk lokacin da ya ce yanke na danna, a lokacin nake kunnawa, in ya ce ɗauka kuma in kashe. Babu magariba, babu Isah, babu Maccido. Abin da ke cikin wayar ƙasar Kebbe ce, da takalmana, da yatsun ƙafar Ɗangiwa, da wata kaza da ta zo tsintar tuwo. Sai kuma muryoyinmu, tar kamar a rediyo.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na miƙa hannu in kashe, ya janye wayar. Ya bar ta ta yi ta yi har ta kai wurin da Ɗangiwa ke cewa shi ke ci Ma'u ke ƙoshi. A nan ya cire tabaransa ya kama goge shi da bakin riga. Ya daɗe yana gogewa, har zaren ya kwance.

"Likita, hotonka bai yi ba," ya ce. "Amma sauti ya fito."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na tashi na tafi ina jiran abin da zai biyo baya, domin na tabbata ranar Juma'a zai tare Ɗangiwa ya fasa ƙwai, ni kuma in zama maci amana a bakin mutumin da ba ya mantuwa.

Washegari sai ga shi a asibiti, ya bi layi kamar kowa, ya miƙo mini yatsa. Na tsira masa, na duba, na ce masa jininsa ya fi nawa kyau, lafiyarsa ƙalau. Ya girgiza kai ya ce ai an riga an ga yadda nake danna na'ura. Shi ya san jikinsa, yana da suga, kuma mai tsanani. Na ce ba zan rubuta ƙarya a kati ba. Ya ce bai ce in rubuta komai ba, in dai rufe bakina, amana ce ya ba ni. Haka na koma gida da amana biyu, ɗaya ta marar lafiya mai cewa ƙalau yake, ɗaya ta mai lafiya mai cewa ciwo ya ci ƙarfinsa.

Ranar Juma'a Ma'u bai jira a tabarma ba. Tsakiyar hanya ya tsaya, dole Ɗangiwa ya taka birki. Ya dafa kan babur ɗin, ya yi murya irin ta masu jinya, ya ce Likita ya auna shi an sami suga. An hana shi tuwo da fura da shayi mai zaƙi. Yanzu sai dafaffen wake da zogale Ni'imatu ke ba shi, kuma abin ba ya wuce masa maƙogwaro in shi kaɗai ne. Ya ce ya san Ɗangiwa ya riga ya ci a Kebbe, amma ko loma biyu ce ya zo ya taya shi.

Ɗangiwa ya juyo ya dube ni. Na dubi takalmana, waɗanda dama sun saba da fitowa a fim. 

"Allah shi sawwaƙe," in ji Ɗangiwa. "Dama na ga ka rame."

Mutumin da tun haihuwarsa ba a taɓa ganin nama a jikinsa ba. Ɗangiwa ya kafe babur ɗin, ya cire takalmi, ya zauna a wurinsa na da. Ya ce wannan ai abincin awaki ne, ya ce sandar rake ta ja masa wulaƙanci, ya kuma share kwanon tas.

Yau wata goma ke nan. Ban taɓa ganin mai jinyar da ke jin daɗin ciwonsa kamar Ma'u ba. Mutumin da ke zuba cokali huɗu na suga a shayi, yanzu a bainar jama'a yake shan sa salam, yana yamutsa fuska yadda na nesa ma zai gani. Tsofaffi na aiko masa da sassaƙe da saiwoyi daga Jabo, yana karɓa da hannu biyu. Malaman makarantarsu sun ɗauke masa tsayuwar taron safe. Ɗangiwa kuma yana yawo yana gaya wa mutane cewa ya rage cin tuwo ne don kada ya sa wa amininsa rai, ana ta yaba masa. Jikinsa ya dawo, lambarsa ta sauka. Littafin fim ɗin yana nan a zaure an ɗora fitila a kai, kuma Ma'u bai sake zancen ɗaukarsa ba.

Na daɗe ina tambayar kaina ko Ɗangiwa ya gane. Juma'ar da ta wuce, uwargidana ta manta ta aiko da tuwon dawa da miyar kuka, har da man shanu yana naso. Na buɗe kwanon na yi saurin mayar da murfi, amma ƙamshin ya riga ya fita. Na ga maƙogwaron Ma'u ya motsa. Wata goma bai ci tuwo a gaban mutum ba, kuma Ni'imatu ta rantse wa matata ko a cikin gida ya ƙi ci.

Ɗangiwa ya ja kwanon ya buɗe. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tura shi gaban Ma'u da bayan hannu, ya mayar da fuskarsa wajen titi.

"Ci, sandar rake. Ba ni faɗa ma Likita."

Ina zaune a tsakaninsu, gwiwata na taɓa ta Ɗangiwa. Ma'u ya wanke hannu ya fara ci, Ɗangiwa ya jingina da bango yana kallonsa. A ranar Ma'u bai tsaya a loma biyar ba.